Tasirin Fasahar Dijital a Kan Aiki da Ra'in Zayyanar Sadarwa

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin sauye-sauyen da fasahar dijital ta haifar a fagen zayyanar sadarwa, wato sana'ar tsara rubutu da hoto da launi domin isar da saƙo ga ido. An bi diddigin al'amarin tun daga zamanin haruffan dalma, aka ratsa ta shekarun 1980 da kwamfutar tebur ta shiga ɗakunan zayyana, har zuwa zamanin intanet da ƙirƙirarriyar basira. Muƙalar ta nuna cewa tushen sauyin shi ne rikiɗewar abin da mai zayyana yake samarwa. A da yakan samar da shafi guda tabbatacce, yanzu kuwa umarni yake tsarawa wanda na'ura za ta aiwatar a wurare da yanayi mabambanta. Wannan ya sa ra'o'in fannin suka karkata daga batun kyawun shafi zuwa batun tsari da iko. An kawo matsalar haruffan Hausa masu lanƙwasa da rubutun ajami domin nuna yadda lamarin ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye.

Fitilun Kalmomi: zayyana, dijital, samfurin haruffa, ra'i, maɗaba'a, manhaja

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa karɓar kundin ɗalibi a kwamfuta, ya buɗe ya tarar da "}asa" a gurbin "ƙasa", ko "]aya" a gurbin "ɗaya", to ya ci karo da maudu'in wannan muƙala ko da bai ankara ba. Ɗalibin ya rubuta daidai, kuma a tasa na'urar rubutun ya fito daidai. Abin da ya faru shi ne, umarnin da ya aiko ya isa wata na'urar da ba ta da kayan aiwatar da shi. Irin wannan ba ya faruwa da littafin da aka buga a maɗaba'ar Gaskiya da ke Zariya, domin harafin da tawada ta zauna a kansa ya zauna ke nan, ko a Kano aka buɗe littafin ko a Damagaram.

Wannan ɗan misali yana ɗauke da babban bambancin da ke tsakanin zamani biyu na zayyana. Masu rubutu a kan fasahar zamani sun fi mayar da hankali ga sauri da arha, kuma gaskiya ne an same su. Sai dai muƙalar nan ta ɗauki wata hanya, inda ta tambayi mene ne ainihin abin da mai zayyana yake samarwa a yau, da kuma yadda amsar ta sauya tunanin masana fannin. Galibin tarihin ya gudana ne a Turai da Amurka, don haka can za a bi shi, kafin a dawo gida a inda alaƙa ta tabbata.

2.0 Ma'anar Zayyanar Sadarwa

Bahaushe ya san kalmar zayyana tun kafin zuwan Turawa. Ana yin ta a shafukan Alƙur'ani rubutun hannu, da bangon soro, da wuyan riga. A nan an aro kalmar ne aka jingina ta da sadarwa domin a fayyace sana'ar da masu shagunan buga takardu suke kira girafik. Ta ƙunshi tsara bangon littafi da shafukan jarida da fosta da tambarin kamfani da alamun hanya, sannan a yau har da fuskar manhajar waya. Ba'amurke William Addison Dwiggins ne ake jingina wa fara amfani da sunan sana'ar na Ingilishi a shekarar 1922, lokacin da aikin tsara shafi ya fara rabuwa da aikin buga shi.

Da aka ce aiki, ana nufin kayan sana'a da matakanta da rabon ayyuka a tsakanin ma'aikata. Ra'i kuwa shi ne bayanin da masana suke bayarwa game da abin da ya sa wata zayyana ta yi kyau ko ta isar da saƙo, da kuma matsayin mai zayyana tsakanin marubuci da mai karatu.

3.0 Yadda Aikin Yake Kafin Kwamfuta

Tun daga ƙirƙirar Johannes Gutenberg a tsakiyar ƙarni na 15, harafi abu ne mai nauyi da ake riƙewa a hannu. Kowane girma na kowane samfuri yana da nasa akwatin haruffan dalma. Injin Linotype na Ottmar Mergenthaler, wanda ya fara aiki a 1886, ya sauƙaƙa jera haruffa ta hanyar zuba layi guda cur a lokaci ɗaya, amma dalmar tana nan. Daga shekarun 1950 aka fara sauya ta da hasken kyamara da fim, sai dai tsarin aikin bai sauya sosai ba.

A wancan tsari, aiki yana ratsa hannuwa da yawa. Mai zayyana zai zana fasalin shafi da fensir, ya ƙirga haruffan rubutun domin ya san filin da za su ci, ya rubuta wa mai jera haruffa samfuri da girman da yake so. Idan rubutun ya dawo a dogayen takardu, wani zai yanka da aska ya manna a kwali da gam. Wani zai ɗauki hoton kwalin, wani ya raba launuka gida huɗu, wani ya haɗa fim, wani ya ƙona farantin bugu. Mai zayyana ba ya ganin sakamakon shawararsa sai bayan kwanaki, kuma kowane gyara kuɗi ne. Saboda haka sana'ar ta horar da mutane su gama tunani kafin su taɓa takarda.

Ra'in da ya yi rinjaye a ƙarni na 20 ya dace da wannan yanayi. Makarantar Bauhaus ta Jamus, wadda ta rayu daga 1919 zuwa 1933, da littafin Jan Tschichold mai suna Die neue Typographie na 1928, sun koyar da cewa amfani ne ya kamata ya jagoranci siffa. A wata lacca da ta gabatar a Landan a 1930, Beatrice Warde ta kwatanta kyakkyawan bugu da kofin gilashi garai-garai, wanda mai sha ba ya lura da shi domin abin da ke ciki yake kallo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu zayyanar ƙasar Suwizalan irin su Josef Müller-Brockmann suka mayar da wannan tunani ƙa'ida: a raba shafi da ragar layuka masu awo, a yi amfani da haruffa marasa ado irin Helvetica na 1957, a kawar da son zuciyar mai zayyana. A taƙaice, mai zayyana tamkar amintaccen ɗan aike ne, ba ya ƙari ba ya ragi.

4.0 Shigowar Kwamfutar Tebur

Binciken zane da kwamfuta ya daɗe. Ivan Sutherland ya nuna manhajar Sketchpad a cibiyar MIT tun 1963, cibiyar Xerox PARC kuma ta ƙera kwamfutar Alto mai linzami a 1973. Amma abubuwa uku ne da suka haɗu a tsakanin 1984 da 1985 suka kai fasahar ga talakan sana'a. Na farko shi ne kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple, wadda ta fito a Janairun 1984, mai nuna shafi a fuskarta kusan yadda zai fito a takarda. Na biyu shi ne firintar LaserWriter ta 1985 mai buga ɗigo 300 a kowane inci. Na uku shi ne manhajar PageMaker ta kamfanin Aldus, ita ma ta 1985, wadda ta mayar da aska da gam da kwali zuwa motsin linzami.

Abin da ya ɗaure waɗannan uku wuri guda shi ne harshen PostScript na kamfanin Adobe, wanda John Warnock da Charles Geschke suka kafa a 1982. Ya dace a tsaya a kansa, domin a nan ne asalin sauyin yake. PostScript ba ya adana hoton shafi. Bayanin shafi yake adanawa a matsayin jerin umarni: a ja layi daga nan zuwa can, a lanƙwasa shi kaza, a cike cikinsa da baƙi. Lanƙwasar kanta lissafi ce da ta samo suna daga Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, inda maki huɗu kacal suke fayyace kowane baka. Tunda bayani ne, fayil guda zai iya fita a firintar ofis mai ɗigo 300, ya kuma fita a injin Linotronic na maɗaba'a mai ɗigo 2,540, kowace na'ura tana aiwatar da shi gwargwadon ƙarfinta. Daga wannan lokaci harafi ya daina zama ƙarfe ko fim, ya zama ƙaramar manhaja.

Sauran kayan aiki suka biyo baya a jere: Fontographer na ƙera haruffa a 1986, Illustrator da QuarkXPress a 1987, CorelDRAW na ƙasar Kanada a 1989, Photoshop a 1990, tsarin PDF a 1993, sai InDesign a 1999. Sakamakon farko ya faɗa ne a kan ma'aikata. Cikin shekaru kaɗan kamfanonin jera haruffa suka yi ta rufewa, ayyukan mai manna kwali da mai haɗa fim suka koma kan mutum guda a gaban kwamfuta. Mai zayyana ya sami iko, ya kuma gaji nauyin ƙwarewar da a da wasu suke ɗauke masa, kamar daidaita tazarar haruffa da sanin bambancin launin haske na fuskar kwamfuta da launin tawada na takarda.

Sakamako na biyu ya shafi yanayin tunani. Maɓallin warware aiki ya sa kuskure ya zama kyauta. Mai zayyana zai iya gwada fasali ashirin kafin azahar, ya ɗora hoto a kan rubutu hawa-hawa, ya cire, ya mayar. Tunani da aiwatarwa, waɗanda a da suke matakai biyu, suka zama abu guda.

5.0 Muhawarar Sauƙin Karatu

Manyan sana'ar da yawa sun raina kwamfutar farko saboda kaushin haruffanta. Wasu matasa kuwa a kaushin suka ga dama. A Kalifoniya, Rudy VanderLans da Zuzana Licko sun kafa mujallar Emigre a 1984, Licko ta riƙa ƙera haruffa da ɗigon fuskar kwamfuta ba tare da ɓoye kaushinsu ba. April Greiman, da aka ba ta fitowa ta 133 ta mujallar Design Quarterly a 1986, sai ta mayar da mujallar fosta guda mai tsawon mutum, wadda ta haɗa a Macintosh da hotunan bidiyo da rubutu a cakuɗe. 'Yan ƙasar Holan, Erik van Blokland da Just van Rossum, sun ƙera samfurin Beowolf, wanda ya shiga kasuwa a 1990. Sun cusa umarnin kacici-kacici a cikin harafin, ta yadda gefunansa suke sauya siffa duk lokacin da aka buga shi. Wannan abu ne da dalma ba za ta taɓa yi ba, kuma hujja ce ƙarara cewa harafi ya zama manhaja.

Waɗannan gwaje-gwaje sun haɗu da wani tunani da ya shigo daga fagen nazarin adabi. A makarantar Cranbrook ta jihar Michigan, ƙarƙashin jagorancin Katherine McCoy, ɗalibai sun karanta Roland Barthes da Jacques Derrida, suka fara tuhumar kofin gilashin Warde. Hujjarsu ita ce, babu siffar da ba ta ɗauke da ma'ana. Harafin da ake kira marar ado shi ma yana magana, yana nuna iko da tsari irin na hukuma da manyan kamfanoni. Licko ta ƙara da cewa sauƙin karatu sabo ne, domin mutane sun fi iya karanta abin da suka fi yawan karantawa. Baƙaƙen haruffan Jamusawa na da, waɗanda suke wahalar da mai karatun yau, sun kasance masu sauƙi ga mutanen zamaninsu.

Muhawarar ta yi zafi a farkon shekarun 1990. David Carson, mai tsara mujallar waƙoƙi ta Ray Gun, ya kai abin maƙura a 1994 da ya buga wata hira da mawaƙi Bryan Ferry gaba ɗaya da Zapf Dingbats, samfurin da babu harafi ko ɗaya a cikinsa sai alamomi, saboda a ganinsa hirar ba ta da armashi. A ɗaya ɓangaren, Steven Heller ya wallafa muƙalarsa "Cult of the Ugly" a mujallar Eye a 1993, inda ya zargi sabon salon da ɗaukaka muni, Massimo Vignelli kuma ya yi ta sukar Emigre a bainar jama'a.

Ƙarƙashin wannan cacar baki akwai tambaya mai nauyi: shin mai zayyana ɗan aike ne ko marubuci? Michael Rock ya tattauna ta a muƙalarsa "The Designer as Author" ta 1996. Kwamfuta ce ta ba tambayar ƙarfi, domin a karon farko mutum guda zai iya rubutawa, ya tsara, ya ƙera haruffansa, ya wallafa. Salon hargitsin ya kwanta kafin ƙarshen shekarun 1990, amma darasinsa ya zauna: ba a ƙara ɗaukar siffa a matsayin 'yar ba-ruwanmu ba. A 2011 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya shigar da samfuran haruffan dijital 23 cikin taskarsa, har da Beowolf.

6.0 Intanet da Ɓacewar Tabbataccen Shafi

Duk da sauyin kayan aiki, masu zayyanar shekarun 1980 takarda suke nufa a ƙarshe. Yanar gizo, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙira a cibiyar CERN tsakanin 1989 da 1991, ita ta kawar da wannan tabbaci. Mai zayyanar shafin intanet bai san faɗin fuskar da za a kalli aikinsa ba, bai san haruffan da ke cikin na'urar mai karatu ba. Tsarin CSS na 1996 ya raba ƙunshiya da siffa: rubutu yana fayil guda, dokokin kamanninsa suna wani fayil. A shekarar ce kuma Microsoft ya fitar da samfurin Verdana na Matthew Carter, wanda aka fara zana shi da ɗigon fuska kafin a ja masa layi, akasin yadda aka saba.

Fitowar iPhone a 2007 da yaɗuwar wayoyin zamani sun tsananta lamarin. A 2010 Ethan Marcotte ya bayyana dabarar zayyana mai amsa yanayi, inda shafi guda yake sake jera kansa: ginshiƙai uku a kwamfuta, ginshiƙi ɗaya a waya. Mai zayyana a nan dokoki yake rubutawa, irin "idan faɗi ya gaza kaza, hoto ya koma sama". Manyan kamfanoni suka tattara irin waɗannan dokoki a kundaye, kamar Material Design na Google na 2014, manhajar Figma kuma daga 2016 ta ba mutane da yawa damar aiki a fayil guda a lokaci guda. Har tambari ya bi sahu: wanda ɗakin binciken MIT Media Lab ya ɗauka a 2011 lissafi ne mai iya haifar da siffofi kusan 40,000.

Abin lura shi ne, wannan ya farfaɗo da ra'in Suwizalan da aka zaci an binne. Karl Gerstner ya riga ya yi hasashen haka a littafinsa Designing Programmes na farkon shekarun 1960, inda ya ba da shawarar a tsara hanyar samar da mafita maimakon mafita guda. Ragar layuka, wadda 'yan Emigre suka yi wa tawaye, ita ce ta dace da na'ura mai son awo.

Sabon abu shi ne matsayin mai karatu. Ya zama mai amfani, wanda yake latsawa, yake ja, kuma ana iya ƙirga duk motsinsa. Hukuncin ido ya sami kishiya, wato alƙaluma. A 2009 Douglas Bowman ya bar aikin zayyana a Google, ya kuma bayyana cewa kamfanin ya taɓa gwada nau'o'in shuɗi 41 domin gano wanda aka fi latsawa. Awon yana da alherinsa: ƙa'idojin WCAG na 2008 sun gindaya cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 saboda masu raunin gani. Yana kuma da sharrinsa, domin dabarar da take gano maɓallin da ya fi sauƙi ita ce take gano yadda za a ɓoye maɓallin soke rajista. Saboda haka ɗa'a ta zama babban babi a ra'in zayyana na yau.

7.0 Haruffa Masu Lanƙwasa da Rubutun Ajami

Idan zayyana ta zama umarni, to wanda ya tsara harshen umarnin ya riga ya yanke hukunci a kan abin da zai yiwu. Nan ne tarihin ya taɓa Hausa. Tsarin ASCII na Amurka, wanda kwamfutocin farko suka ginu a kansa, gurabe 128 kawai gare shi, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a ciki, balle ƴ da ake amfani da shi a Nijar. Ga mai nazarin harshe wannan ba batun ado ba ne, domin lanƙwasar ce take raba kafa da ƙafa, fada da faɗa, baki da baƙi, bari da ɓari.

An yi yunƙurin magance matsalar ta hanyoyi daban-daban. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta jagoranci samar da samfurin Pan-Nigerian domin harsunan Nijeriya, aikin da Bajamushe Hermann Zapf, mai Zapf Dingbats ɗin da aka ambata, ya sa hannu a cikinsa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da samfuran Hausa na kwamfuta, ciki har da Rabi'at, waɗanda suka yi wa marubuta da maɗaba'u hidima mai yawa. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce aron gurbin wata alama da ba a cika buƙata ba, a zana harafin Hausa a wurin. Wasu marubutan kuma suka riƙa aron q da x da v. Dabarar ta biya buƙatar takarda, amma a cikin fayil alamar asali ce take zaune. Wannan ne ya sa "}asa" take bayyana idan samfurin ya ɓace, kuma shi ya sa binciken kalmar "ƙasa" ba ya gano ta a tarin kundayen da aka rubuta a wancan zamani.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Sai dai samun lamba daban, samun siffa daban. Samfura da yawa har yau ba su ƙunshi haruffan Hausa ba, don haka na'ura takan aro su daga wani samfurin, sai a ga ƙ ta fi maƙwabtanta kauri ko siranta a tsakiyar kalma, ko a ga fankon akwati a gurbinta. Aikin Noto na Google an kafa shi ne domin kawar da irin wannan akwati. Mai tsara fosta a Kano da ya zaɓi samfuri mai ƙayatarwa yakan tarar babu lanƙwasa, sai ya jefar da ita ko ya zana ta da hannu.

Ajami ya fi shan wuya. Samfuran Larabci na kwamfuta sun ginu ne a kan salon Gabas, alhali almajirin ƙasar Hausa ya saba da salon Magariba na ruwayar Warshu, inda fa'un take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Sai a 2016 Unicode ya ware wa siffofin Afirka na waɗannan haruffa gurabensu. Ƙungiyar SIL kuma ta fitar da samfuran Harmattan da Alkalami, na biyun an gina shi a kan rubutun Kano mai kauri. A nan hujjar Licko ta sami shaida daga inda ba ta zata ba: ga wanda ya tashi da allo, rubutun Kano shi ne mai sauƙin karatu. Irin wannan fahimta ce ta sa Saki Mafundikwa na Zimbabuwe, marubucin Afrikan Alphabets na 2004, yake kira ga masu zayyanar Afirka su waiwayi tsare-tsaren rubutun nahiyarsu.

8.0 Zubi da Ƙirƙirarriyar Basira

Mataki na baya-bayan nan ya miƙa zayyana ga kowa. Manhajar Canva, wadda ta fito daga Ostareliya a 2013, tana ba da shiryayyen zubi, mai amfani ya sauya suna da hoto kawai. Katin biki da sanarwar wa'azi da tallar 'yar kasuwa yanzu a waya ake haɗa su. An sami yalwa, an kuma sami kamanceceniya, domin dubban mutane daga zubi guda suke ɗiba. A shekarar ce kuma Adobe ya koma tsarin biyan kuɗin haya, ta yadda mai sana'a ba ya mallakar kayan aikinsa, lamarin da ya fi nauyi a ƙasashen da kuɗinsu ba shi da ƙarfi a gaban dala.

Daga 2022, manhajoji irin Midjourney da Stable Diffusion da DALL-E 2 suka fara samar da hoto daga jimlar da aka rubuta musu. Wannan shi ne ƙarshen zangon da PostScript ya fara: umarnin ya zama maganar yau da kullum. Sai dai na'urar daga hotunan da aka ciyar da ita take koyo, abin da ya jawo ƙarar da kamfanin Getty Images ya shigar a kan Stability AI a 2023 bisa haƙƙin mallaka. Haka kuma al'ummar da hotunanta da rubutunta suka yi ƙaranci a intanet takan fito a gurguje ko a gurɓace. Matsalar guraben ASCII ce ta dawo da sabuwar riga.

9.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa fasahar dijital ta mayar da zayyana daga ƙera abu zuwa tsara umarni, tun daga harafin PostScript, zuwa dokokin CSS, zuwa zubi da jimlar da ake ba ƙirƙirarriyar basira. Ra'in fannin ya bi wannan sawu. Ya fara da ɗan aike marar ƙari, ya ratsa ta mai zayyana marubuci, ya iso ga mai tsara dokoki wanda ake tambayarsa wa ya shigar, wa ya bari a waje.

Ga sassan nazarin Hausa akwai aiki a gaba. Kundaye da mujallun da aka rubuta da tsofaffin samfura suna buƙatar a juya su zuwa Unicode tun fayilolinsu suna buɗuwa. Ya kamata mujallu su gindaya wa marubuta sharaɗin amfani da haruffan Unicode, su kuma zaɓi samfuran da suka ƙunshi dukkan haruffan Hausa. Akwai kuma fagen bincike da ke jiran manazarta a bangayen littattafan adabin kasuwar Kano da fostocin fina-finai da rubutun jikin motoci, waɗanda suke nuna yadda idon Bahaushe ya karɓi kwamfuta, da abin da ya riƙe daga zayyanarsa ta gado.